Ya Shiga, Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba a ƙarshen kakar bara waccan, ko da kuwa na so in manta. Ranar ce mahaifina ya yi magana mafi tsawo da ya taɓa yi a gabana, ni kuma na zauna ina kallon batir.

Bari in ɗauko muku daga tushe, kada ku ɗauka mahaukaci ne ke ba ku labari (in kun kai ƙarshe kuka koma kan wannan ra'ayin, ba zan yi musu ba). Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke yankin Zoza, a ƙasar Rogo. Na taɓa zuwa Kano na yi kwas ɗin kwamfuta na wata uku, inda mu goma sha biyu muke layi a kan na'ura ɗaya, kowa ya danna abin da zai danna na minti biyar ya ba na bayansa wuri. Da na dawo da takardar shaida mai ado a gefe, sai samarin gari suka laƙaba mini Injiniya. Su da wasa suka fara. Ni ne na ɗauki abin da gaske, har na sa aka rubuta mini shi da jan fenti a bayan babur.

Mahaifina kuwa Wakilin dagacinmu ne, ya fi shekara talatin a kan aikin. Ba ya rubutun boko, amma duk iyakar gonar da ke ƙasarmu tana cikin kansa. Mafi muhimmanci a ciki shi ne burtalin da shanun Ardo Buba ke bi daga rugarsu zuwa rafi. Alama bakwai aka sa masa tun zamanin dagacin da ya gabata, Baba yana saurayi yana riƙe da igiyar awo. Yanzu itatuwan da aka yi alamar da su masu gawayi sun sare, rijiyar da ke ciki an cike ta, surin da aka yi alama da shi ma ruwa ya cinye. Duk waɗanda suka taka wurin ranar sun riga mu gidan gaskiya, saura Baba. Idan aka yi gardama, sai ya je ya tsaya a fili fetal ya ce, “Nan kanyar take,” kuma magana ta ƙare.

Sai dai akwai wani abu tsakanina da shi. Ni ne ɗan farinsa, kuma gidanmu akwai jinin Fulani ta wajen kakata, saboda haka kunyar ɗan fari a wurinmu ba ta wasa ba ce. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. “Ku ce wa wancan ya kai taki gona,” haka zai ce wa Inna, alhali ina tsaye a gabansa. In na shiga zaure yana hira, sai hirar ta mutu. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka, ni ma na sani. Amma na kai shekara talatin da shida ban taɓa zama da mahaifina na minti goma muna magana ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin yana ci mini rai.

Ƙanwata Hajara ce ta kawo maganar laftof. Ma'aikaciyar jinya ce a Kano. Da ta zo hutun Sallah ta auna jinin Baba, sai na ga fuskarta ta canza. Ta ja ni bayan rumbu ta ce, “Yaya, hawan jinin nan ba na wasa ba ne. Abin da ke kan Baba, ka ɗauke shi tun yana iya faɗa. Zan aiko maka da kwamfuta.” Na ce mata ai wannan ƙaramin aiki ne a wurina. (Wayar da ke aljihuna a lokacin tana ɗaukar murya sarai. Amma ina Injiniya ina ɗaukar muryar Wakili da waya, kamar mai tura saƙon gaisuwa?)

Ranar wata Litinin direban motar Rogo ya miƙo mini kwali. Sabuwa dal, ledarta ma ba a ɓare ba. Inna ta kai wa Baba maganar, ta dawo mini da amsa tana murmushi: “Ya ce in dai da injin zai yi magana, ba da mutum ba, to babu laifi. Laraba da hantsi.” Na gane abin da yake nufi. Ba zai iya kallona ya ba ni labari ba, amma zai iya kallon na'ura, ni kuma in zauna a gefe kamar ba na nan.

Ranar Talata na kai ta shagon caji mai sola a bakin kasuwa, na zauna a kanta kamar mai gadin jariri. Ta hau hamsin, ta hau saba'in, ta kai tamanin cikin ɗari, sai ta tsaya cak. Awa ɗaya, tamanin. Awa biyu, tamanin. Na zare caja na mayar, na hura ramin, na canza soket. A ƙasa ta rubuta da Turanci wai tana jone amma ba ta caji. Sai na tuna akwai wani wuri da aka taɓa nuna mana a kwas, inda ake ganin gudun firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi. Na lalubo shi da ƙyar. A jikin kwali an rubuta huɗu da ɗigo huɗu. A fuskar kwamfuta kuwa lambar tana lilo tsakanin sifili da ɗigo tara zuwa ɗaya da ɗigo ɗaya. Ban san me lambobin ke aunawa ba, amma na iya lissafin firamare, na san ɗaya bai kai huɗu ba. Nan take na yanke hukunci cewa an sayar wa ƙanwata jaki a kwalin doki.

Laraba da hantsi na shiga zaure na tarar Baba ya riga ni. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗaura rawani, zauren sai ƙamshin turare. Ardo Buba, abokinsa tun suna yara, da Liman suna zaune a dakalin waje don kada a dame mu. Na kifa turmi na ɗora kwamfutar a kai, na juya ta tana fuskantarsa kaɗan. Na buɗe wurin ɗaukar murya, a gefensa kuma na buɗe wurin lambar gudu. A raina na ce ba zan danna jan maɓallin ba sai lambar ta haura biyu, don kada muryar ta fito a karkace. (Babu wanda ya taɓa gaya mini haka ake yi. Ni na ƙirƙiro wannan ilimin, a zaune a wurin.)

Baba bai jira ni ba. Ya gyara murya, ya yi bisimilla, ya dubi na'urar kamar yadda yake duban dagaci, ya ce, “To, alama ta farko, kanya ce, a gabas da gonar Mai-Sango…”

Ɗan fari ba ya ce wa uba dakata. Na ce a raina bari in ba ta minti ɗaya, yanzu za ta hau, gabatarwa ce kawai zan rasa. Lambar ta taɓa ɗaya da ɗigo uku, ta sake zubewa. Ina cikin haka sai batir ya sauka daga tamanin zuwa saba'in da tara. Wallahi ji na yi kamar an zare mini wani abu a ƙirji. Na fara ɗaukar hoton fuskar kwamfutar, don Hajara ta samu hujjar da za ta kai wa mai shago. Saba'in da takwas, hoto. Sifili da ɗigo takwas, hoto. Na ciro biro ina lissafi a tafin hannu, in tana cin kaza a minti kaza, awa nawa za ta yi. Muryar Baba tana tafe a gefen kunnena kamar rediyon maƙwabta. Na ji “taku arba'in”, na ji “rijiya”, na ji sunan wani mutum da ban riƙe ba. A wani wuri har ya yi dariya, dariya sosai, irin wadda ban taɓa jin ya yi ina kusa ba. Har yau ban san abin da ya ba shi dariyar ba.

Ya fi awa ɗaya yana magana. Da ya ce “Alhamdu lillahi, iyakar abin da na sani ke nan,” sai na ɗago na dubi ɗaya gefen. Jan maɓallin yana nan yadda na bar shi. Agogon ɗaukar murya yana kan sifili.

Baba ya dubi bango, ya ce, “Ya shiga?”

Shekara talatin da shida, wannan ce tambaya ta farko da ya yi mini ba ta bakin Inna ba. Ga shi cikin farar riga, yana ɗan haki, gumi a goshinsa. Ardo da Liman sun leƙo ƙofa. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa, “Ya shiga, Baba.”

“Masha Allah,” in ji Liman. “Yanzu ko bayan ranmu, magana tana nan.”

Ga dabarar da na ƙulla, ku ji irin wayon Injiniya. Zan nemo mai gyara ya tabbatar mini kwamfutar tana da matsala. Sai in aika Inna ta ce wa Baba injin ne ya zo da lahani, muryar ba ta fito da kyau ba, a sake. Ka ga laifi ya koma kan mutanen Kano, ni kuma na fita fes. Wato daga wannan lokacin ba gyara nake nema ba. So nake a ce mini ta lalace.

Ranar Alhamis na tashi da sassafe na nufi Karaye. Wani mai gyaran waya a kusa da tasha ya juya ta sama da ƙasa, ya shinshina cajar (ban san dalili ba, amma abin ya burge ni), ya ce batirin jabu ne, in bar ta ya buɗe cikinta. Da na ga sukundireban da ya ɗauko, irin wanda ake kwance injin ban ruwa da shi, sai na rungume kayata. Daga nan na kira Hajara na zazzage mata. Na ce ta shiga kasuwa ido rufe, an yi mata sakiyar da ba ruwa, da ta tambaye ni da ba a yi haka ba. Yarinyar da ta hana kanta abubuwa ta sayo mini, ita nake yi wa faɗa a bakin tasha. Ta ce, “Ka yi haƙuri, Yaya. Amma dai ka ɗauki muryar Baba?”

“Wannan an gama tun jiya,” na ce.

Ranar Juma'a aka kwatanta mini wani mai haɗa sola a Yammedi. Na same shi sai bayan an sauko daga masallaci. Ya sa abin awonsa a cajar, ya ce lafiyarta ƙalau, wuta tana fita daidai. Na ji haushinsa ƙwarai. Na dawo gida gab da magariba, na wuce ƙofar zaure da sauri ina tura babur, kaina a ƙasa. Na hango farar riga a ciki, ban tsaya ba.

Ranar Asabar na tafi cikin Rogo wurin Malama Rabi, wadda ke koyar da kwamfuta a wata sakandare, tana kuma da ɗan shagon buga takardu. Na ajiye babur a ƙofar shagon, jan fentin yana kallon kowa. Bayan mun gaisa na zayyana mata bayani da manyan kalmomi, na nuna mata hotunana guda arba'in da uku. Ta saurare ni har ƙarshe, Allah ya saka mata. Sannan ta jawo kwamfutar ta danna wuri biyu.

“Malam, ai wannan ba lalacewa ba ce. Masu ƙera ta ne suka saita ta ta riƙa tsayawa a tamanin, don batirin ya yi ƙarko. Ga wurin nan. In kana so ta cika ɗari, sai ka kashe shi.”

Na ce, “To gudun fa? Kwali ya ce huɗu.”

“Lokacin da kake duba lambar, wane aiki ka ba ta?”

“Babu. Kallonta kawai nake yi.”

Ta jona caja, ta buɗe bidiyo, ta buɗe wasu abubuwa biyar a jere. Lambar ta yi tsalle ta haye huɗu, fankar ciki ta fara huci. “Ka gani? Ba ta gudu sai an ba ta aiki. Kai ma in kana zaune ai ba ka haki. Lafiyarta ƙalau, wanda ya sayo maka ya iya zaɓe.” Ta leƙa waje ta ga babur, ta dawo da idonta kaina. “A ina ka yi karatun kwamfutar, Malam?”

Mata biyu da ke jiran a buga musu takarda suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Na ce a Kano. Ta ce Allah sarki.

A hanyar komawa na ɗauka na gama shan kunyar makon. Na ma yi wa kaina alkawari, a daidai wata gonar rake, cewa yau zan gaya wa Inna gaskiya, gobe da hantsi a sake zama, in danna maɓallin tun kafin Baba ya yi bisimilla. Na shigo gari da la'asar, na hango mutane cirko-cirko a ƙofar gidanmu, takalma sun cika bakin zaure.

Baba ya faɗi da azahar yana alwala. Kafin in iso an wuce da shi asibiti.

Kwana tara ya yi a can. Da aka dawo da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta tafi. Yana ji, yana ganewa, idonsa yana bin kowa, amma in ya yi yunƙurin magana sai wani sauti ya fito wanda ba ya kama da komai, sai ya rufe ido. Masu zuwa dubiya suna fita suna dafa kafaɗata suna cewa, “Allah ya yi maka albarka, da ba ka ɗauki maganar nan ba fa?” Ni kuma ina cewa amin. Na tura kwamfutar ƙarƙashin gado. Abinci ya daina yi mini daɗi. Na yi ta matsa kaina ko zan tuno abin da ya faɗa, amma abin da ke fitowa shi ne kanya, taku arba'in, rijiya, sai sifili da ɗigo tara.

Ba a yi wata biyu ba abin da Hajara ta hango ya zo. Alhaji Sale, wanda ya sayi gonar da ke gefen burtali daga hannun magada, ya ja shingen ƙaya ya shiga da shi ciki sosai. Ba mugun mutum ba ne, abin da magadan suka nuna masa ya shinge. Shanun Ardo suka zo wucewa suka tarar da hanya ta toshe, aka yi cacar baki, har samari sun fara ɗaga sanda. Magana ta je gaban dagaci. Nan Liman ya ce ai babu abin jayayya, muryar Wakili tana cikin injin ɗansa, shi shaida ne. Alhaji Sale ya ce duk abin da Wakili ya faɗa ya yarda. Ardo ya ce shi ma haka. Aka sa ranar Lahadi da hantsi.

Kwana uku ina da damar zuwa in sami dagaci shi kaɗai in gaya masa. Ban je ba. Kada ku tambaye ni me nake jira, ni ma ban sani ba.

Ranar Lahadi ƙofar fada ta cika. Manoma a gefe ɗaya, mutanen ruga a ɗaya gefen da sandunansu a kwance. Don girmamawa aka ɗauko Baba a kujera aka ajiye shi kusa da dagaci, Inna ta sa masa farar rigar nan. Ladan kuma, don neman lada, ya kwanto lasifikar masallaci da makirufo, wai don matan da ke bayan katanga su ma su ji muryar Wakili. Ya kafa makirufon a gaban kwamfutar, daidai bakina.

Na buɗe ta. Akwai wata folda da na yi tun ranar Talatar nan, na sa mata suna “Muryar Baba”. Na shiga, fayau. Na fita, na shiga wata, sai ga hotunan batir arba'in da uku a jere. Na yi ta danne-danne ina jan lokaci. Na so in ce caji ya ƙare, na dubi kusurwa, tamanin cif, ko gezau.

“Injiniya,” in ji dagaci, “muna sauraro.” Bai taɓa kirana da sunan ba sai ranar.

Na ɗago kai, sai idona ya faɗa cikin na Baba. Bai kawar da kai ba. Tunda nake, bai taɓa kallona ido cikin ido haka ba.

“Ranka ya daɗe,” na ce, “babu komai a ciki.”

Lasifikar ta ɗauki maganar ta watsa ta har bakin kasuwa. Liman, Allah ya jiƙan iyayensa, ya miƙo mini ƙofar fita. “Gogewa ya yi ko? Ai kayan Nasara haka suke.”

Da na ce e, da an wuce wurin. Amma Baba yana kallona.

“Bai goge ba, Malam. Tun farko bai shiga ba. Ban danna ba.”

Dagaci ya gyara zama. Mutum ne mai haƙuri, ya nemo mini wata hanyar. “To, ba komai. Ai kai kana zaune a wurin, da kunnenka. Faɗa mana abin da mahaifinka ya ce.”

“Ban ji ba, ranka ya daɗe.”

“Ba ka ji ba? Me kake yi?”

“Ina duba batir.”

Wannan ma lasifikar ta kai shi ko'ina. Na jira a yi dariya. Wallahi da an yi, da na ji sauƙi. Babu wanda ya yi. Wata mata a bayan katanga ta ce “Innalillahi,” na gane muryar Inna ce. Ladan ya lallaɓo ya kashe makirufon. Na tsaya a tsakiyar mutanen da na koyar da 'ya'yansu, hawaye yana zuba a kan maɓallan kwamfutar, ban ma iya share shi ba.

Sai muka ji ƙwanƙwasa. Baba ne yake dukan hannun kujera da hannunsa na hagu. Da aka dube shi, ya nuna amalanken shanun Ardo da ke ɗaure a gindin darbejiya, ya nuna kansa, ya nuna gabas.

Washegari aka shimfiɗa katifa a amalanke aka ɗora shi. Dagaci da Liman da Alhaji Sale da Ardo suna biye, ni ina gefe da littafi da biro irin na ɗalibaina. Muna tafe a hankali cikin karan dawa, Baba yana duban ƙasa, yana duban tudu. Can ya daki katako, aka tsaya. Ya yi ƙoƙarin nuna wurin, hannun yana rawa, ba a gane inda yake nufi ba. Sai ya miƙo hannun ya kama wuyan hannuna. Tun ina yaro rabon da ya taɓa ni. Ya ɗaga hannuna ya saita shi, da yatsana ya nuna inda kanyar take. Aka haƙa wurin, aka tarar da ruɓaɓɓen kututture.

Alama uku muka samu a kwana uku, don ba ya jure rana. A na huɗu zazzaɓi ya rufe shi, Hajara ta zo ta ce ko ƙofar gida kada a sake fitar da shi. Bayan kwana goma sha bakwai Allah ya karɓi abinsa.

Sauran alamu huɗun sulhu aka yi a kansu, aka raba gardama biyu. Daga kanya zuwa rijiya burtalin yana nan da faɗinsa na da. Daga nan zuwa rafi kuwa ya tsuke, shanu sai dai su bi ɗaya bayan ɗaya, kullum ana faɗan ɓarna. Da damina ta kusa, 'ya'yan Ardo biyu suka kaɗa mafi yawan garken suka yi kudu da iyalansu. Ardo ya zauna da 'yan shanun da ba su kai goma ba. Bai taɓa ce mini komai a kai ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini.

Abu ɗaya kawai ya gaya mini, bayan addu'ar bakwai, da mutane suka watse muka rage mu biyu a zaure.

“Ɗana, ka san ya sani?”

Na ce, “Ya san me, Baffa?”

“Tun ranar. Da ka fita da injinka ya ce mini da Fulatanci, idon yaron nan yana kan abin, kunnensa ma yana can, ban ga alamar ya shiga ba. Na ce to ka gaya masa mana. Ya ce a'a, kada a kunyata shi, zai dawo da kansa, in ya dawo sai in sake masa.” Ardo ya ja carbinsa. “Alhamis ya sa farar riga ya zauna a nan tun hantsi. Juma'a ma haka. Asabar ma ya sa, da ita ya faɗi.”

Kwamfutar tana nan, lafiyarta ƙalau, da ita nake buga jarrabawar 'yan aji shida. Ban taɓa kashe saitin nan ba, kullum a tamanin take tsayawa, kuma ban ga aikin da tamanin ɗin ta kasa yi ba. Jan fentin bayan babur na kankare shi da wuƙa, ko da yake in rana ta haska ana iya karanta shi. Abin da na koya kuwa bai kai a je Kano a yi kwas a kansa ba. In dattijo ya gyara murya zai yi magana, ajiye duk abin da ke hannunka ka ba shi kunne. Shi kunne ba a jiran ya cika ɗari, kuma nawa a ranar a cike yake, ni ne ban danna ba.